Sunan Dillali a Cikin Ƙunshi: Waiwaye Kan Shagunan Tsohuwar Sabha

A yau idan aka ambaci Sabha a gabanmu, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne motar Hilux maƙare da matasa, kowa ya rungume jarkar ruwa, ya naɗe fuska, an bar Agadas a baya an nufi arewa. Sai labarin wane da ya shekara uku ba a ji ɗuriyarsa ba, da wane da ya bugo waya yana kuka a haɗa kuɗi a fanshe shi. Duk wannan gaskiya ne, kuma za mu zo kansa. Sai dai garin ya girmi wannan labari, kuma hulɗarmu da ƙasar da yake cikinta, wato Fazzan, ta riga mota da fasfo zuwa duniya da ɗaruruwan shekaru. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Bari mu waiwaya, mu shiga garin ta ƙofar da kakanninmu suka fi sani, wato ƙofar shago.

Sabha tana kudu maso yammacin Libiya, tafiyar sama da kilomita 700 a mota daga Tarabulus. Kafin ta zama birni mai kwalta da jami'a da filin jirgin sama, 'yan ƙauyuka ne na masu gonakin dabino da ke maƙwabtaka da juna: Jadid, da Gurda, da Hajara. Birni ya haɗiye su, amma sunayensu suna nan a matsayin unguwanni, kuma a cikinsu ne ake ganin ragowar gidajen ƙasa da matsattsun lunguna na zamanin da. A kan wani tsauni a gefen gari akwai sansanin sojan da Italiyawa suka gina, wanda hotonsa ya daɗe a bayan takardar dinari goma ta Libiya.

Wanda ya bi titunan waɗannan unguwanni zai ga abin da ba baƙo ba ne a idon Bakano ko Bakatsine ko Badamagare. Shago ne mai ƙofa ɗaya, mai shi yana zaune a ciki, ya san inda kowace allura take. Ga mai dabino ya jera shi iri-iri, busasshe da mai laushi. Ga mai turare da kwalabensa da itacen turaren wuta. Ga mai ganyen shayi da butoci da ƙananan kofunan gilashi, ga mai yadi, ga tela a ƙuryar shago yana taka keke, kuma sau da yawa idan an yi masa sallama da Hausa, da Hausa zai amsa. Ba kamfani ba ne ya buɗe waɗannan shaguna, ba su da reshe a wani gari. Kowanne mutum ɗaya ne da iyalinsa da sunansa. A kan wannan suna ne zancenmu na yau zai tsaya, domin shi ne abin da ya riƙe ciniki tsakaninmu da mutanen Fazzan tun ana auna tafiya da kwanakin raƙumi.

Babbar kasuwar Fazzan ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Tun kafin zuwan Musulunci tana Jarma, yamma da Sabha, hedikwatar mutanen da Girkawa da Rumawa suka kira Garamantes, waɗanda suka haƙa magudanan ruwa a ƙarƙashin ƙasa suka yi noma a tsakiyar hamada. Daga baya ta koma Zuwila, garin da masanin tarihi Ya'aƙubi ya ambata a ƙarni na 9 saboda fatunsa da kuma bayin da ake fitarwa daga cikinsa. A ƙarni na 13 ikon sarakunan Kanem ya kai har Fazzan, wakilinsu ya zauna a Taragan. Sannan aka zo zamanin Murzuk, inda gidan sarautar Aulad Muhammad ya yi mulki tun daga wajen ƙarni na 16 har zuwa farkon ƙarni na 19. A duk tsawon wannan lokaci Sabha zango ce kawai. Ayarin da ya taso daga Barno ya biyo ta Bilma da Tummo da Gatrun ya huta a Murzuk, a Sabha yake sake sauke kaya, ya sha ruwa, ya sayi dabino, kafin ya fuskanci baƙaƙen duwatsun da ke kan hanyar Sokna. Ɗaya hanyar kuwa, wadda fataken Kano suka fi bi, ta Damagaram da Azbin take zuwa Gat, daga nan wasu su miƙe Gadamas, wasu su karkata gabas zuwa Murzuk.

To, me raƙuman ke ɗauke da shi? Daga wajensu ana kawo mana alharini, da murjani, da tsakiya, da madubi, da allura, da ruwan takobi ƙirar Jamus, da kanumfari, da sukari, da alkyabba, da jar dara, da takarda mai alamar wata uku daga Italiya, wadda malamanmu suka rubuta littattafai masu yawa a kanta. Daga baya akoko da alawayyo na masaƙun Manchester suka shigo sahu. Daga wajenmu kuwa ana ɗaukar hauren giwa da gashin jimina da goron Gwanja, amma abin alfaharinmu shi ne aikin hannu: turkuɗi da kore da rawunan Kura masu ƙyalli, da takalman Kano, da jar fatar akuya wadda Turai ta sani da sunan fatar Maroko, alhali da yawanta a ƙasar Sakkwato da Kano aka jeme ta. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya ratsa Murzuk a 1850, ya iso Kano a watan Fabrairun 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma ya lura cewa suna isa Murzuk da Gat da Tarabulus, har da Tambutu. A lura da kyau: manomin auduga namu ne, mai kaɗi tamu ce, masaƙi da marini da mabugi duk namu ne. Abin da ke rataye a rumfar ɗan kasuwar Fazzan ya bi ta hannun mutanenmu biyar ko shida kafin ya bar gida.

Wannan ciniki ya bar mana shaida a baki da a ƙasa. A cikin birnin Kano akwai unguwar Dandalin Turawa, kuma Turawan da ake nufi a nan Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, domin su aka fara kira da wannan suna kafin zuwan Nasara. Akwai Alfindiki, daga kalmar Larabci mai ma'anar masaukin fatake. Gurasa da alkaki da muke tinƙaho da su a matsayin abincin Kanawa, sunayensu na Larabci ne, kuma ta hannun waɗannan baƙi suka shigo mana. Can kuma a Gat da Murzuk da Gadamas, Hausa ta zama ɗaya daga cikin harsunan ciniki da na cikin gida.

Sai dai babbar tambaya ita ce: yaya mutum zai sayi kaya a Kano, ya yi tafiyar watanni da shi, bai san abin da ke cikin ƙunshin ba sai ya isa? Turkuɗi a naɗe ake sayar da shi, in an warware shi ƙyallinsa ya ragu, darajarsa ta faɗi. Amsar tana cikin abin da Hugh Clapperton ya gani. Shi wannan Bature ya taso daga Tarabulus tare da Denham da Oudney, suka ratsa Sabha zuwa Murzuk a 1822, ya shigo Kano a watan Janairun 1824. A kasuwar Kurmi ya sayi koriyar lema ƙirar Ingila a kan dalar Sifaniya uku, abin da ya nuna masa cewa kayan ƙasarsu sun riga shi isowa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne dokar kasuwar. Ya ba da labari cewa a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi ana rubuta sunan dillalin da ya yi cinikin. Idan aka kai kayan Barno ko wani gari mai nisa, aka buɗe aka tarar da algus, sai a mayar da shi Kano, dillali ya nemo mai kayan, a tilasta masa ya mayar da kuɗi.

Wannan 'yar takarda ita ce ginshiƙin cinikin hamada. Babu banki, babu kotun da hukuncinta ke aiki daga Kano har Tarabulus, babu sarki ɗaya da ke iko da hanyar daga farko zuwa ƙarshe. Abin da ake da shi shi ne suna. Attajiran Gadamas sukan ba da kaya bashi a bakin teku, a biya bayan shekara da fata ko gashin jimina daga Kano, ɗan'uwa yana can, suruki yana nan, wasiƙa tana kai da komo a jakar madugu. Baƙon da ya sauka gari kuwa yana da fatoma ko maigida, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan za a ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga raƙuminsa isa zango na gaba. Ƙaramin shagon da muke gani a tsohuwar unguwa jikan wannan tsari ne: wurin da mai saye ya san wanda zai koma wa idan kaya ya ɓaci.

Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. A cikin wannan ayari akwai wani kaya da ke tafiya da ƙafarsa, kuma shi ba a rubuta masa suna, sai ma a raba shi da wanda iyayensa suka raɗa masa. Murzuk babbar kasuwar bayi ce, kuma da yawa daga waɗanda aka sayar a cikinta daga ƙasashen Hausa da Barno da maƙwabtansu aka kamo su. Masu kamawa da masu sayarwa na farko ba daga sama suka faɗo ba, a cikinmu suke. Denham ya ba da labarin ƙasusuwan mutane da ya gani warwatse a bakin rijiyoyin hanyar Bilma, yawancinsu na waɗanda ƙishirwa ta kashe ana kora su arewa. Gwamnatin Turkawa ta Santambul, wadda ke mulkin Tarabulus da Fazzan a lokacin, ta haramta fataucin a 1857, amma ya ci gaba a ɓoye shekaru da dama. Zuriyar waɗanda suka tsira suna nan a Fazzan da Tarabulus da Tunis, inda har farkon ƙarni na 20 aka tarar da su suna bori da waƙoƙin Hausa.

Muna da shaidu biyu na gida. Ɗaya shi ne Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Barth ya ƙetare hamada ta Murzuk zuwa Tarabulus a 1855, ya isa Landan, ya ba da tarihin rayuwarsa da Hausa aka rubuta, daga ƙarshe ya rasu a Kano a 1912. Ɗayan kuwa ƙagaggen labari ne, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda uwa ta bi sawun ɗanta har Murzuk da Tarabulus ta faɗa cikin bauta. Yaran makarantarmu sun karanta sunan Murzuk tun kafin su san inda take a taswira. Ashe kasuwar da ta san darajar suna a kan turkuɗi, ita ce kuma ta iya shafe suna a kan ɗan Adam.

Sau uku ana yi wa ƙaramin ɗan kasuwar Fazzan jana'iza, sau uku yana tashi. Na farko, teku da dogo ne suka kayar da shi. Rabeh ya ci Barno a 1893, hanyar gabas ta rikice. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kama Kano a 1903. Lokacin da Hanns Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, ya ƙetaro daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya ratsa Murzuk kasuwarta ta riga ta ja baya. Shekarar 1911 ita ta yanke hukunci: a cikinta layin dogo daga kudu ya iso Kano, a cikinta kuma Italiya ta kai wa Tarabulus hari. Kayan da ke cin watanni a bayan raƙumi ya koma zuwa ta Ikko cikin makonni, kuma da araha. Fatake suka juya fuska kudu, zangunan arewa suka koma dogaro da dabinonsu.

Faɗuwar Murzuk ita ce ta buɗe wa Sabha hanya. Murzuk ta yi ƙaurin suna da zazzaɓi saboda fadamun gishirin da ke kewaye da ita, kuma da ayari ya daina zuwa, babu sauran dalilin jure mata. Italiyawa sun shiga Fazzan a 1914, aka fatattake su kafin shekarar ta ƙare, suka dawo tsakanin ƙarshen 1929 da farkon 1930. A Janairun 1943 sojojin Faransa ƙarƙashin Janar Leclerc suka taso daga Chadi suka ƙwace yankin, suka mai da Sabha mazaunin mulkinsu. Da Libiya ta sami 'yancin kai ranar 24 ga Disamba 1951, Sabha ce ta zama babban birnin lardin Fazzan, Ahmad Saif al-Nasr na ƙabilar Aulad Sulaiman ya zama gwamna. Aka sami man fetur a ƙasar a 1959, kwalta ta haɗa garin da bakin teku, babbar mota ta gaji raƙumi. Zangon jiya ya zama kasuwar yau, shaguna suka cika unguwanni.

Jana'iza ta biyu gwamnati ce ta yi ta da hannunta. Mu'ammar Gaddafi ya yi wani ɓangare na karatunsa a Sabha, kuma a nan ne aka yi shelar tsarin Jamahiriyya ranar 2 ga Maris 1977. A fahimtar Koren Littafinsa, wanda ke saye ya sayar don riba yana cin gumin wani ne. Zuwa 1981 an rufe shagunan masu zaman kansu a faɗin ƙasar, aka maye gurbinsu da manyan kantunan gwamnati. Da farko kaya sun yi araha. Da farashin mai ya faɗi a tsakiyar shekarun 1980, sai kantoci suka bushe, layi ya yi tsawo, mutum ya sayi abin da ya tarar ko ba shi ya zo nema ba, don ya yi musaya da maƙwabci. Ma'aikacin kantin gwamnati bai san sunan kowa ba, ba ya ba da bashi, ba a mayar masa da kaya. Ciniki ya koma bayan gida da cikin duhu. Daga 1987 zuwa 1988 gwamnati ta sassauta, ƙofofin da aka garƙame suka sake buɗewa.

A wannan tsakani ne mutanenmu suka sake kama hanyar arewa, amma da wata siffa. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya kori dubban mutane daga Nijar zuwa gonaki da wuraren gini na Fazzan. Da aka ƙaƙaba wa Libiya takunkumi a 1992, Gaddafi ya juyo da fuskarsa Afirka, ƙofa ta ƙara buɗewa. Manyan motoci suna tafiya da raƙuma da tumaki da ma'aikata, suna dawowa da taliya da man girki da tumatirin gwangwani da barguna da darduma da dabino, galibinsu kayan da gwamnatin Libiya ta sa wa tallafi. Wanda ya yi shekara biyu yana leburanci, a shagunan Sabha yake sayen tsarabar gida, da kayan lefe in aure ya kai shi.

Jana'iza ta uku ita ce ta bindiga. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, Sabha ta sha faɗa tsakanin Tubawa da Aulad Sulaiman a 2012 da 2014 da 2018, unguwanni suka rabu, kowace da masu tsaronta. Bankuna suka rasa takardun kuɗi, ma'aikaci ya ga albashinsa a rubuce amma ya kasa cire shi. A irin wannan hali, littafin bashin mai shago shi ya ciyar da gidaje. Ga baƙo kuwa, wanda ba shi da takardar zama balle asusun banki, shagon ɗan garinsu shi ne komai: nan yake ajiyar kuɗi, ta nan yake aikawa gida, nan ake barin masa saƙo, nan za a fara tambaya idan ya ɓata. Sabon zuwa yakan tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama.

"Baba, an ce in na iso in neme ka."

"Maraba, yaro. Daga ina?"

"Daga Tasawa."

"Ɗan gidan wa?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce takardar cikin ƙunshi. Idan ya ambaci gidan da aka sani, ya sami wurin kwana da wanda zai tsaya masa. Fatoma bai mutu ba, tufafi ya sake.

Ɗaya fuskar kasuwar ma ba ta mutu ba. A watan Afrilun 2017 hukumar IOM mai kula da ƙaurar jama'a ta fitar da shaidar waɗanda suka tsira, cewa a Sabha ana sayar da 'yan ci-rani a filaye da garejin motoci a kan dala 200 zuwa 500, a kulle su a gidaje, a riƙa dukansu ana kiran iyayensu a waya. Shekara 160 ke nan cif bayan dokar Santambul. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, ta soke ta a Nuwamban 2023, hanya kuwa ba ta taɓa rufuwa ba, sai dai ta ƙara haɗari ko ta ragu. Wanda aka fi cuta a wannan hanya shi ne wanda ya isa ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ba wanda zai tambaye shi ɗan gidan wa.

Yanzu mu sake duban kantar mai shago. Yadin daga Sin yake, rigar daga Turkiyya, turaren daga Dubai, ganyen shayin ma daga Sin. Dabino ne na gida. Namu fa? A zamanin Barth mu ne masu kaya. Yau abin da muka fi aikawa Fazzan shi ne ƙarfin 'ya'yanmu: mai haƙa, mai ɗaukar bulo, mai ban ruwa a gona, mai wanki. Ba abin kunya ba ne mutum ya ci guminsa, kuma kuɗin da suke aikowa ya rufa asirin gidaje masu yawa daga Tawa zuwa Damagaram. Amma akwai bambanci tsakanin al'ummar da ke aika ƙunshi da sunanta a ciki, da wadda ke aika mai ɗaukar ƙunshin wasu. Abu ɗaya da ya ƙi mutuwa shi ne baƙin rawanin Kura, wanda Buzaye ke kira alasho. Har gobe ana rina shi, a buga shi ya yi ƙyalli, a naɗe shi a takarda, ya bi hanyar Agadas, kuma Ba'azbinen da zai yi aure ko zai fita taron sarauta yana biyan kuɗi mai tsoka a kansa, domin har yau masana'antun waje ba su kawo abin da ya gamsar da shi ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan ya dawo da mu gida. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, tana nan da lungunanta, da dukawanta, da masu turare, da masu kayan doki, da masu littattafai. Karofin Ƙofar Mata yana nan, ko da yake ramukan da ake aiki a ciki ba su kai waɗanda aka bari ba. Kantin Kwari ya cika ya batse, amma mafi yawan abin da ke cikinsa a jirgin ruwa ya zo. Mu kanmu mun fara jin nauyin shiga lungu, mun fi son wuri mai sanyi da farashi a manne, ko mu latsa waya a kawo mana har gida daga hannun wanda ba mu taɓa gani ba. Sauƙi ba laifi ba ne. Amma tarihin Sabha ya nuna mana cewa ranar da banki ya rufe, kantin gwamnati ya bushe, hanya ta yanke, wanda ya rage a tsaye shi ne mutumin nan mai ƙofa ɗaya da ya san mahaifinka. Idan muka bar shi ya rufe a lokacin yalwa, ba za mu same shi a lokacin tsanani ba.

Saboda haka idan Allah Ya kai ɗayanmu tsohuwar unguwa, a Sabha ne ko a Agadas ko a cikin birnin Kano, ya daure ya shiga lungu. Ya yi sallama, ya zauna a benci, ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, a sallama masa. Kafin ya karɓi ƙunshinsa ya tambayi mai shago wa ya saƙa wannan, wa ya jeme, wa ya ɗinka, a wane gari. In an faɗa masa suna, ya riƙe shi, ya faɗa wa wani. Wanda kuma ƙaninsa ko ɗansa ya ɗaura niyyar bin hanyar arewa, ya kasa hana shi, to kada ya bar shi ya hau mota sai ya san ƙofar da zai nufa, da sunan wanda zai amsa masa sallama.